Abin da Corinne Ta Ɓoye

Shafi na 14

Masu cika mini waya da ƙorafi wai na bar Verlene a tsakiyar teku rana na dukanta, to ku gyara zama.

*

An kashe injin ƙaramin jirgin a daidai inda ruwa ya yi garau, har ana hango farin yashin ƙasa. Can baya, a gaɓar tsibirin Cozumel, babban jirgin da ya kwaso su daga Galveston ya koma ɗan ƙarami.

Verlene Batiste ta riƙe ƙarfen benci da hannu biyu. Ta haura sittin, kuma ruwan da ya taɓa wuce mata gwiwa shi ne na ambaliyar da ta shiga gidanta a Lake Charles. Rigar robar da aka ba ta ta matse ta har tana jin bugun zuciyarta a wuya.

Ta saci kallon 'yarta.

Corinne ba ta sa tata rigar ba. Tana nan a ninke a kan cinyarta. Fuskarta ta faɗa, leɓenta ya bushe, tun da suka baro gaɓa idonta a rufe yake.

Watanni ke nan Verlene na haɗa abubuwan da take gani. Corinne ta daina shan kofi. Gumbo, miyar kuɓewa da jatan lande da take sha har ta suɗe kwano, yanzu ko ƙanshinsa ba ta so. Sau biyu Verlene ta ga motarta a gaban asibiti, ta tambaye ta, ta ce mata kanti ta je. Haka mahaifin Corinne, Clovis, ya fara kafin ciwon daji ya ɗauke shi. Rannan kuma sai ga Corinne da tikitin jirgin ruwa, wai su je su huta, su biyu kawai.

Verlene ba yarinya ba ce. Ta san tafiyar bankwana in ta gan ta.

Shi ya sa ta shirya wannan nutson a ɓoye, sai yau da safe ta faɗa mata. Tun Corinne na 'yar firamare take cewa wata rana sai ta ga ƙarƙashin teku da idonta.

Efraín, malamin nutson, ya tafa hannu. Gajere ne kakkaura, rana ta ƙona masa wuya.

"To jama'a, kafin kowa ya taɓa ruwa, tambaya gare ni. Ba na wasa da ita. Akwai mai ciwon zuciya? Mai asma? Wanda mura ta toshe wa kunne? Wanda aka yi wa aiki kwanan nan? Mai juna biyu?"

Wani dattijo daga Minnesota ya shafa tumbinsa ya ce, "Nawa na giya ne." Aka yi dariya.

Corinne ta buɗe ido. Ta ajiye rigar a gefe.

"Ni ba zan shiga ba."

"Ba laifi, señora," in ji Efraín. "Ki zauna a inuwa, akwai ruwan sanyi a akwatin can."

Bai tambaye ta dalili ba. Verlene ce ta juyo gaba ɗaya.

"Wanne ne naki a ciki?"

"Mama, ba yanzu ba."

"Yanzu."

"Mutane na kallonmu."

"Su kalla. Wa ya san mu a nan?"

Efraín ya dubi uwar, ya dubi 'yar, sai ya kira sauran mutanen zuwa bayan jirgi ya shiga ɗaura musu tukwanen iska. Aka bar su su biyu a ƙarƙashin rumfa.

Verlene ta rage murya.

"Ubanki ya ɓoye mini har sai da ya kasa ɗaura igiyar takalminsa. Ke ba za ki yi mini irin tasa ba. Na sani, Corinne. Na san komai."

Corinne ta zaro ido.

"Kin sani?"

"Ni na haife ki."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na ga motarki a asibiti kika ce mini kanti kika je."

Corinne ta rufe fuska da tafin hannu. "Wayyo, Mama. To me ya sa ba ki yi magana ba?"

"Jira nake ki faɗa da bakinki." Verlene ta matso kusa da ita. Tambayar da ta hana ta barci ce ta rage. "Wata nawa suka ce ya rage?"

"Biyar. Biyar da 'yan kwanaki."

Ƙarfen da Verlene ke riƙe da shi ya suɓuce mata. Ta zame daga benci ta durƙusa a ƙasan jirgin, cikin takalman nutso da igiyoyi. Ba ta yi kururuwa ba. Wani siririn sauti ne kawai ke fita daga maƙogwaronta.

"Biyar," ta ce. "Ko Kirsimeti ba za ki kai ba. Ya Ubangiji, ga ni nan tsohuwa, me ya sa ba ka ɗauke ni ba?"

Corinne ta sauke hannu daga fuskarta a hankali.

"Mama."

"Zan sayar da gidan. Mu tafi Houston, akwai manyan likitoci."

"Mama, tsaya. Me kika sani?"

"Ciwon ubanki."

Corinne ta ƙura mata ido. Sai ta sauko ita ma ta durƙusa, ta kamo hannun uwarta ta cusa shi ƙarƙashin babbar rigar da take ta yawo da ita tun da suka hau jirgi.

"Taɓa nan."

"Ƙarin a nan yake?"

"Taɓa dai."

Verlene ta taɓa. Wuri ne mai tauri, a zagaye, a ƙasan cibiya. Ta daɗe tana aikin renon jarirai a coci, ta kuma haifi nata. Hannunta ya riga kanta ganewa.

"Corinne."

"Na'am."

"Kada ki yi mini wasa."

"Ya shiga wata na huɗu, Mama. Likita ta ce yana zaune daram. Na ji bugun zuciyarsa da kunnena."

"Aman fa?"

"Laulayi ne."

"Gumbon fa?"

"Warin jatan lande ne ba na iya ji."

"Ba mutuwa za ki yi ba?"

"In ba ke kika kashe ni da tsoro ba."

Verlene ta zauna daɓas. Ta dubi rumfa, ta dubi teku, ta dubi hannunta da ke kan cikin har yanzu. Dariya ta zo mata tare da kuka, ta rasa wanda za ta fara saki. Fiye da shekara goma Corinne na gidan aure, ciki uku ta yi, duk suka zube, har kowa ya daina tayar da zancen.

Sai kuma ta janye hannu ta kai wa kafaɗar 'yar duka.

"'Yar banza. Kin san addu'ar da na sha? Kin san azumin da na yi? Har rigar da zan sa ranar jana'izarki na duba a ɗaki na ga ko tana shiga ta."

"Tana shiga?"

"Ba ta shiga. Kada ki canza mini magana. Me na yi miki da za ki ɓoye mini?"

Murmushin Corinne ya gushe.

"Kina so in faɗa?"

"Faɗi."

"Wancan karon ranar Alhamis na gaya miki. Ranar Lahadi kika tashi a gaban coci kika ba da shaida. Kika saƙa hula, kika saƙa safa, Sista Mavis ta kawo keken jarirai." Ta ja numfashi. "Da ya zube, ke a gida kike. Ni ce nake shiga kanti ana tare ni ana tambayata yaya jariri. Har mai sayar da nama, Mama. Sai da na daina fita."

Verlene ta sunkuyar da kai.

"Murna ce ta yi mini yawa."

"Na sani. Shi ya sa na kawo ki tsakiyar teku, inda babu Sista Mavis. Daren ƙarshe na so in gaya miki, a wurin cin abinci, ina sanye da rigata mai kyau. Sai kika tashe ni da asuba wai mu je nutso."

"Burinki na zo cika miki kafin ki..." Ta kasa ƙarasawa.

"Ke da ko tafkin otal ba kya sa wa ƙafa?"

"Da zan shiga wuta ma, da na shiga."

Corinne ta rungume ta. Suka daɗe a haka, rigar roba na ƙara a tsakaninsu.

Efraín ya yi gyaran murya daga nesa.

"Señora Verlene, saura ke. Ko kin fasa?"

"Na fasa, ɗana. Jika nake jira. Me zai kai ni bakin kifi yanzu?"

"A'a," in ji Corinne. "Ke kika kawo mu. Ni ba dama, sai wata shekarar. Ki je ki gano mini."

"Corinne, ban iya iyo ba."

"Ba iyo za ki yi ba," Efraín ya ce. "Numfashi kawai za ki yi. Kin iya numfashi?"

"Yau dai na tuna yadda ake yi."

"To shi ke nan. Sauran aikina ne. Hannunki ba zai bar nawa ba."

Haka aka ɗaura mata ɗamarar dalma, aka goya mata tukunyar iska mai nauyin buhun shinkafa, aka sa mata takalma kamar ƙafar agwagwa. Corinne na ɗaukar hoto da wayar dattijon Minnesota tana dariya.

"In hoton nan ya je coci, na cire ki daga gadona."

"Wane gado? Tukwanen ƙarfe?"

"Su ma ba za ki samu ba."

A bakin tsani Efraín ya sa ta riƙe igiya, ruwa iya ƙirji. Ya koya mata yadda za ta ciji bututun numfashi, yadda za ta toshe hanci ta hura in kunne ya yi zafi, yadda za ta fitar da ruwa in ya shiga gilashin fuska. Ya nuna mata alamar lafiya lau da yatsu, da alamar a koma sama.

"Wannan ta biyun na riƙe ta da kyau," ta ce.

Suka fara sauka.

Ruwa ya rufe mata kai, duniya ta yi tsit. Ba abin da take ji sai iskar da take ja da kumfar da ke fita ta gefen kunnenta. Jikinta ya ce mata ƙarya ne, mutum ba ya numfashi a cikin ruwa. Ta ƙanƙame igiya. Kunnen hagu ya soke ta kamar an tura tsinke.

Ta ɗaga babban yatsa sama.

Efraín ya matso har gilashinsa ya kusa taɓa nata. Ya toshe hancinsa ya nuna mata. Ta toshe nata ta hura. Kunnen ya yi ɗan ƙara, zafin ya tafi. Ya ɗora tafin hannu a ƙirjinsa, ya ja shi waje a hankali, ya mayar a hankali.

Ta bi shi. Ta ja iska har ƙasan ciki, ta sake ta.

Rabon da ta ja numfashi ya kai mata can ƙasa, tun ranar da ta ga motar nan a gaban asibiti.

Ta mayar da yatsan, ta yi masa alamar lafiya lau.

Gwiwoyinta suka sauka a kan yashi mai laushi. Tukunyar da ta kusa karya mata baya a sama, a nan ba ta da nauyin komai. Gwiwar da ke damunta duk damina ita ma ta yi shiru. Efraín ya ja hannunta, sai ta ga tana tafiya a kwance, ba ta taka komai ba.

Ga murjani tsibi-tsibi, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar mafici yana kaɗawa. Ƙananan kifaye masu ratsin rawaya da baƙi suka kewaye ta, ɗaya ya zo ya leƙa gilashinta kamar yana bin ta gaisuwa. Wani shuɗi mai baki kamar na aku yana gatsar dutse, har tana jin ƙarar haƙoransa.

Efraín ya matsa mata hannu ya yi nuni.

Kunkurun teku ne, babba, ya kai faɗin teburin kicin ɗinta. Yana cin ciyawa a gindin dutse. Ya ɗago ya dube ta da ido irin na tsohon da ya ga komai, ya ci gaba da abin da yake yi. Can ya buɗe hannuwa ya tashi sama a hankali.

Verlene ta bi shi da kallo. A nan ta hango cikin jirginsu daga ƙasa, baƙi, rana ta kewaye shi. A gefen tsani ga ƙafafu biyu a cikin ruwa suna lilo.

Ta san ƙafafun nan. Ita ta fara saya musu takalmi.

Hawaye suka taru a cikin gilashin. Efraín ya zaci ruwa ne ya shiga, ya yi mata alamar ta fitar. Ta girgiza kai. Ya ɗan dube ta, ya ƙyale ta.

Da suka fito, sai da mutum biyu suka jawo ta, don nauyin duk ya dawo. Ta tofar da bututun tana haki.

"Corinne, akwai gari a ƙasan nan."

"Me kika gani?"

"Bari in zauna. Akwai wani kifi, wallahi Sista Mavis sak, har jan bakin."

Corinne ta yi dariya har ta riƙe ciki.

"A hankali," in ji Verlene. "Kada ki girgiza mini shi."

"An fara."

"An fara kuwa. Sa hula. Sha ruwa. Ɗaga ƙafarki a kan akwatin nan."

Aka tayar da inji. Efraín ya zagayo da faranti cike da abarba da kankana, an barbaɗa musu gishiri da barkono. Corinne ta ɗauki yanka ɗaya, ta ƙara, ta ƙara, har ta jawo farantin kan cinyarta. Verlene ta zuba mata ido kawai. Duk lomar da ta shiga bakin 'yar, sai ta ji kamar a nata cikin ta sauka.

"Ba zan gaya wa kowa ba," ta ce. "Na yi alkawari. Ko Fasto ya tambaye ni, zan ce ƙiba kika yi."

"Na gode, Mama."

"Amma saƙa dai zan yi. A ɗaki, ƙofa a kulle."

"Na yarda."

Gaɓa ta fara matsowa. Ana jin kiɗa daga shagunan bakin ruwa. Verlene ta jingina da benci, iska na busar mata da gashi, ta ji wani barci mai daɗi na neman ɗaukarta.

"Shi mijin naki me ya ce da ya ji? Na san Lamont, ya yi ta tsalle a tsakar gida."

Corinne ta ajiye ɓawon kankana.

"Bai sani ba."

Verlene ta buɗe ido.

"Bai san me ba?"

"Komai. Yana kan hanya da babbar mota kusan kullum, bai ga laulayin ba. Mama, wancan karon a gareji na same shi zaune a gaban ɗan gadon da ya haɗa da hannunsa, yana kuka kamar yaro. Na rantse ba zan sake sa masa rai ba sai na tabbata. Ranar Lahadi in mun sauka zan gaya masa. Na sayi 'yar riga ma, tana cikin jakata."

Barcin ya watse. Verlene ta miƙe zaune.

Sai yanzu ta tuna.

Jiya da safe, jirgi na tsakiyar teku, Corinne na banɗaki tana amai. Verlene kuma ta fita baranda da wayarta, don ita kaɗai ta sayi layin intanet na jirgin, ta Corinne tana kashe a cikin durowa tun Galveston. Ta danna sunan Lamont ta naɗa masa saƙon murya tana kuka. Ta ce ta san 'yarta ba ta da sauran kwana da yawa. Ta ce ba ta riƙe shi a rai ba don ya ɓoye mata. Ta ce gobe za ta kai ta nutso a Cozumel ta ga abin da take buri tun tana yarinya, shi kuma ya yi ƙoƙari ya zama namiji. Tana turawa ta kashe wayar, don ba za ta iya jin amsarsa ba.

Har yanzu ba ta kunna ta ba.

"Mama, lafiya? Ruwan ne ya juya miki kai?"

"Corinne, akwai wata 'yar magana."

"Wace magana?"

"Ki fara yi mini alkawari ba za ki tayar da hankalinki ba. Saboda yaron."

Jirgin ya daki tayoyin da ke jikin gadar katako. Efraín ya jefa igiya. Mutane suka miƙe suna tattara tawul da jakunkuna.

Corinne ba ta miƙe ba. Ba uwarta take kallo ba kuma. Ta bayan kafaɗarta take kallo.

Verlene ta juya.

A ƙarshen gadar, cikin masu gajeren wando da hulunan kaba, ga wani dogon mutum tsaye da takalman aiki da rigar kamfanin motoci duk ta yamutse. Ba jaka a hannunsa, sai fasfo da tikitin jirgin sama. Idanunsa sun kumbura sun yi ja. Yana bin fuskokin da ke cikin jirgin ɗaya bayan ɗaya.

Ya tsaya a kan ta Corinne. Ya dafa turken gada.

Corinne ta juyo a hankali.

"Mama. Me kika gaya wa mijina?"